Tiya Biyu a Rumfa Ɗaya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 25:13-16, Amos 8:4-7, Luka 19:1-10

  

Yau za mu fita daga ɗakin sujada mu shiga kasuwa, gama a can ne yawancinmu muke yini, a can ne kuma ake gwada bangaskiyarmu fiye da ranar Lahadi.

Kwanan baya wata gwauruwa a ikilisiyarmu, tsohuwa mai riƙon jikoki huɗu, ta tafi kasuwa ta sayi gero tiya biyar. A gaban idonta aka cika kowace tiya har da tozo. Ta biya, ta yi godiya, ta kama hanya. Da ta iso gida ta sāke aunawa da tiyar da marigayi mijinta ya bari, sai ta sami huɗu da rabi. Ta juye ta sāke, bai canza ba. A taron Zumuntar Mata ta ba da labari. Wata ta ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah. Ba a san mu da rigima ba." Wata ta ƙara da cewa, "Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, Mama. Kada rabin tiya ya jawo mana magana."

Waɗannan mata ba mugunta suka yi nufi ba. Ƙauna ce da tsoro suka sa su faɗi haka. Amma mu yi lissafi. Rabin tiya cikin biyar ɗaya bisa goma ke nan. Ushiri ake cire wa tsohuwar nan, ba kuwa wurin Allah yake zuwa ba. In kowane mako take saye, a shekara an ɗebe mata tiya 26 daga bakin marayu. Ba kuma ita kaɗai take saye a rumfar nan ba. To, shirun da aka ce ta yi, shi ne haƙurin da Ubangiji ya koya mana? Wannan ita ce tambayarmu ta yau.

Mu fara da abin da Allah ya ce a kan ma'auni. Cikin Maimaitawar Shari'a sura 25 Musa ya hana Isra'ilawa ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida. Me ya sa mutum zai ajiye biyu? Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwa ya san amsa. Babban na saye ne, sa'ad da manomi ya kawo kayansa da kaka. Ƙaramin na sayarwa ne, sa'ad da manomin nan ya komo da bazara rumbunsa ya ƙare. A ido duk tiya ce. Amma ɗaya an buga gindinta ya lotsa waje, ɗaya an buga shi ya shiga ciki. Mutum ɗaya aka cuta sau biyu, da shiga da fita.

Littafin Firistoci sura 19 ya sa dokar ma'auni a sura guda da dokar ƙaunar maƙwabci. Karin Magana kuma, a sura 11 da sura 20, ya maimaita cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Kalmar ƙyama kalma ce mai nauyi, irin wadda Littafi Mai Tsarki yake amfani da ita a kan bautar gumaka. Wato a wurin Allah tauye mudu ba wayon kasuwa ba ne. Zunubi ne da sunansa.

Annabi Amos makiyayi ne daga Tekowa, ya yi wa'azi wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. 'Yan kasuwar da ya tsawata musu ba sa fashin ranar hutu. Suna kiyaye Asabar, amma zuciyarsu tana rumfa, suna ƙosawa ranar ta wuce su buɗe buhu. Amos ya lasafta laifinsu ɗaya ɗaya: rage mudu, ƙara kuɗi, karkatar da sikeli, haɗa hatsi da sharar masussuka, da mai da matalauci bawa saboda bashin da bai fi kuɗin takalmi ba. Ya ce Ubangiji ya rantse ba zai manta da ko ɗaya ba. Wanda ya karanta wannan sura zai ce annabin ya taɓa cin kasuwar ƙasarmu.

Ƙasar nan tamu ta daɗe da sanin awo. Tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka riƙa bin jirgi zuwa kudu, manoman yankin nan kuma suka saba da tsayawa gaban sikeli suna kallon allurar da ba su iya karantawa ba. Abin da mai awo ya faɗa shi ne. Yau mun fi kakanninmu karatu, amma zambar ta sāke riga.

Ku tuna da watan Satumba na 2021, sa'ad da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya domin yaƙi da 'yan bindiga. Kaya suka yi wuya, wanda yake da buhu a ɗaki ya zama sarki. Ku tuna da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutum yake da kuɗinsa a banki amma sai ya sayi naira da naira a hannun masu na'urar cire kuɗi. Wahalar ta kai har Zamfara ta haɗu da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli, a ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce tsofaffin takardun kuɗi su ci gaba da aiki. A cikin waɗannan kwanaki akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da suka ba da bashi, suka ci riba kaɗan, Allah ya sāka musu. Akwai kuma waɗanda suka mai da kukan jama'a kaka.

Tiya biyu tana da 'yan'uwa da yawa. Akwai takin zamani da aka haɗa da yashi, manomi ya zuba a gona ya jira har damina ta wuce. Akwai famfon gidan mai da aka taɓa, lita goma a allo, tara a tanki. Akwai buhun da samansa tsaba ce ƙasansa tsakuwa. Akwai tela da ya karɓi kuɗin ɗinkin Kirsimati bai ba da kaya ba sai bayan sabuwar shekara, da makaniki da ya sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo.

Wata zambar ba a aljihu take tsayawa ba, har kabari take kaiwa. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da sinadari mai guba, ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya. A 2013 kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai bakwai. Ga kuma abin da ya fi kusa da mu manoma: zuba fiya-fiya cikin wake domin kada ya yi ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Turawa sun ƙi ci, amma 'ya'yanmu suna ci. Wanda ya zuba bai ga fuskar wanda zai ci ba, Allah kuwa ya ga su duka biyu.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. In an cuce mu, mu yi shiru?

Gaskiya ne Ubangiji ya hana mu ramuwa. Ya hana mu riƙe mutum a zuciya. Amma gafara dabam, rufe ido dabam. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 6. Ƙorafi na fari da aka rubuta a tarihin ikilisiya a kan rabon abinci ne: ana tsallake gwauraye masu jin Helenanci a rabon kullum. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri su bar wa Allah ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu mutunci, cike da Ruhu da hikima, aka danƙa musu aikin. Istifanas yana cikinsu. Bayan an gyara rabon ne Luka ya ce Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa.

Ku duba kuma sura 16. An yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, aka kulle su. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye. Bulus, wanda ya kwana yana waƙar yabo, wanda ya yi wa yarin kurkuku baftisma a daren nan, ya ƙi fita. Ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, doka ta hana abin da aka yi musu, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo, suka ba da haƙuri. Bulus bai zagi kowa ba, bai nemi a dāke su ba. Amma da ya sulale cikin shiru, da ƙaramar ikilisiyar da ya bari a gidan Lidiya ta zama abin takawar kowa. Ya yi magana domin na bayansa.

Haka yake a kasuwa. Wanda ya ga tiyar zamba ya yi shiru, ya bar ta tana jiran gwauruwa ta gaba. Ya kuma bar mai rumfar cikin zunubinsa ba wanda ya tashe shi. Shiru irin wannan ba ƙauna ba ce ga ko ɗayansu.

To, yaya za mu yi magana? A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ko mu haɗiye mu tafi muna gunaguni a gida, ko mu tsaya tsakiyar kasuwa muna kururuwa muna kiran mutum ɓarawo. Yesu ya ba mu hanya cikin Matiyu 18. A kan ɗan'uwa cikin ikilisiya ya faɗe ta, amma hikimarta tana aiki ko'ina.

Da fari, ka tabbata. Ka sāke aunawa. Wataƙila tiyarka ce babba, wataƙila buhunka ne ya yi yoyo a hanya. Kada mu ɗora wa mutum laifin da bai yi ba.

Na biyu, ka je wurinsa kai kaɗai, da sallama, ka ja shi gefe. Mutum da yawa in an rufa musu asiri za su gyara, in an tona su a bainar jama'a za su kafe.

Na uku, in ya ƙi, ka koma da mutum ɗaya ko biyu masu hankali. In bai yiwu ba, akwai sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, akwai mai unguwa da hakimi. An naɗa su domin irin wannan.

Na huɗu, akwai hukuma, ba kuwa zunubi ba ne a je wurinta. Tun 1992 Nijeriya ta kafa majalisar kāre masu saye. Dokar 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta maye gurbinta da hukumar da ake kira FCCPC. Bisa ga dokar nan, mai saye yana da ikon a gaya masa farashi da gaskiyar abin da yake saye, a ba shi kaya masu kyau marasa haɗari, ya kuma mayar da kayan da suka fito da aibi. Rubutun nan da ake mannawa a kanti cewa ba a mayar da kaya bai fi doka ƙarfi ba. A kan magani da abincin gwangwani akwai NAFDAC, wadda aka kafa a 1993: ku duba lambarta a jikin kwali, ku duba ranar da magani zai lalace kafin ku biya. In banki ya cire kuɗi bai ba ka ba, ka rubuta masa ƙorafi ka riƙe shaida. In ya ƙi gyarawa, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen da yake sauraron irin wannan. Ku riƙa karɓar rasit. Wanda bai iya karatu ba ya nemi ɗan makaranta cikin ikilisiya ya taimake shi, ku matasa kuma ku ɗauki wannan a kan hidima ce.

Ga gargaɗi guda, 'yan'uwa, ku riƙe shi da kyau. Kada ku mai da rikicin ciniki ya zama rikicin addini. Maƙwabtanmu Musulmi su ma ana yi musu wa'azi a kan tauye mudu, akwai sura guda a Alƙur'ani da take tsawata wa masu yin haka. In ka kai ƙarar tiyar zamba, mai gaskiya a cikinsu zai tsaya tare da kai, gama matarsa ma a kasuwar nan take saye. Ma'aunin zamba ba ya tambayar sunan mai saye, ko Maryamu ce ko Mariya.

Abin da tsohuwar nan ta yi ke nan. Ranar kasuwa ta gaba ta ɗauki tiyarta, wani dattijon ikilisiya ya raka ta. Ta sami yaron da ya auna mata, ta ce, "Ɗana, zo mu gana." Ta ba shi tiyarta ta ce ya juye tasa a ciki. Ya juye, ba ta cika ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wallahi yadda maigidana ya ba ni ita haka nake awo da ita." Dattijon ya ce to, a kira maigida. Maigida ya zo da faɗa, ya ce tiyar tsohuwa ce ta tsufa ta buɗe. Sai aka tafi wurin sarkin kasuwa, aka gwada da ta rumfuna uku na kusa, duka suka yi daidai da ta tsohuwa. Aka karɓe tiyar, aka cika wa tsohuwa geronta. Ta sha rana, ta yi asarar yini guda, har yau mai rumfar ba ya amsa gaisuwarta da daɗi. Amma tana gaishe shi, matan garin kuma, Kirista da Musulmi, sun daina biyan ushirin nan.

Yanzu mu juyo kan kanmu, gama da sauƙi a ga lotsar tiyar wani. Da yawa cikin masu sauraronmu masu sayarwa ne: masu kanti da kemis, masu tuyar ƙosai da sayar da itace, teloli, kafintoci, masu gyaran babur. Ɗan'uwa, in aka juye tiyarka a gaban ikilisiya ranar Lahadi, za ta cika? 'Yar'uwa, man gyaɗan da kika ce tsantsa ne, tsantsa ne? Wanda yake jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, Litinin kuma ya sayar da maganin da kwanansa ya ƙare, ya rushe wa'azin shekara guda a gari. A inda muke 'yan kaɗan, mutane ba sa karanta Littafinmu. Cinikinmu suke karantawa.

Mai saye ma bai tsira ba. Karin Magana sura 20 ta zana mutumin da yake kushe kaya a gaban mai su, in ya saya da arha ya tafi yana fahariya. Mun san shi, wani lokaci mu ne. Mutum ya gudo daga ƙauyensa da akuya biyu, yana neman kuɗin mota da na abinci, ka ga ido ya raina fata, ka taya rabin kuɗi domin ka san ba shi da zaɓi. Wannan ma tiya biyu ce. Ka ga saniya ana sayarwa da arhar da ta wuce hankali, zuciyarka ta gaya maka ta sata ce, ka rufe ido ka saya. Ka karɓi bashi a kanti, wata ya yi ka canza hanya. Zabura 37 ta kira mai yin haka mugu. Wanda yake neman haƙƙinsa sai ya fara biyan na wani.

Akwai kuwa bege ga mai tiya biyu. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da ƙarin da yake ɗorawa a kan jama'a. Yesu ya kira shi daga kan itace ya sauka a gidansa, mutane suna gunaguni. Zakka bai tsaya a kan cewa ya tuba ba. Ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. A ranar nan Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Ba kuɗin ne ya sayi ceton ba, Almasihu ne ya fara shiga. Amma inda ya shiga, aljihu yakan sani.

Dukanmu in aka ɗora mu a sikelin Allah ba mu cika ba. Yesu ne ya biya abin da ya rage a kan gicciye, bai kuwa tauye ba. Wanda aka auna masa alheri haka, da tozo har da gyara, ba shi da hujjar riƙe ƙaramar tiya. Saboda haka a makon nan muna roƙon kowa ya yi abu guda. Mai tiya biyu ya fasa ɗaya. Wanda ya san wanda ya cuta ya neme shi ya mayar. Mai bashi ya je ya biya, ko kaɗan kaɗan. Wanda aka cuta kuma ya bar gunaguni, ya tafi ya yi magana cikin salama. Dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, in gwauruwa ta kawo muku irin wannan kuka, ku tashi ku raka ta.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na Sama, kai ne mai ma'aunin gaskiya. Ka gafarta mana inda muka tauye wa wani, a saye ko a sayarwa. Ka ba mu ƙarfin hali mu faɗi gaskiya, ka ba mu tawali'u mu faɗe ta ba da zagi ba. Ka tuna da gwauraye da marayu, da waɗanda suka bar gonakinsu saboda tsoro. Ka sa albarka a cinikin kowane mai gaskiya a Moriki, da Zurmi, da Kaura Namoda, da Shinkafi. Ka ba shugabanninmu adalci, ka maido da salama a hanyoyinmu da kasuwanninmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.